Shinkafar da Ban Ci a Gabansa Ba

Khumra, ƙarfe huɗu saura kwata

Ranar Talata na fito daga ɗaki ƙarfe huɗu saura kwata, ko assalatu ba a kira ba. Na san lokacin ne don agogon maigidana marigayi Malam yana hannuna, na ɗaure shi da zare saboda ya yi mini yawa. Ku mutanen gida a Ɗanbatta kun ce in rubuto muku yadda aka yi, to ga shi. Rubutun kamar tonon kaza, ku yi haƙuri da shi, ina da shekara sittin da biyu na fara riƙe biro a ajin wata malama 'yar Damagaram. Balki, ke za ki karanta musu. Kada ki gyara mini magana, yadda na sa haka za ki faɗa.

Kun riga kun ji zan dawo. Shekara arba'in da tara ina Jidda, takardata ta mutu tun ranar da Malam ya rasu, don a iƙamarsa nake, wato takardarsa ta zama. Na gaji da laɓe-laɓe. Zan kai kaina tarhil, inda ake tara marasa takarda a sa su a jirgi, kuma duk wanda aka ɗauki yatsunsa a can, halas, shi ke nan, shi da ƙasar nan sai labari. Ɗan nan kuwa, ɗan farina, a nan aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, matarsa da 'ya'yansa da aikinsa duk a nan suke. Rabona da shi shekara huɗu. In ban je na gan shi ba, sai a lahira.

Ku ba sai na yi muku bayani ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama a ci abinci yana kallo, ba a wasa da shi a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayanmu, bai mutu ba. To shi wannan a cikin Larabawa ya tashi, yana ganin uwa ta kama gardin ɗanta tana sumbata a bakin titi. Ranar addu'ar arba'in ta Malam shi ya yi girkin duka, don sana'arsa ce. Ya zubo a faranti ya durƙusa a gabana cikin mata. Na kau da kai, na tura wa wadda take kusa da ni. Ya miƙe ya sa takalminsa. Tun daga ranar bai sake tako inda nake ba.

Hafsa, autata, wadda nake zaune a gidanta, ta rako ni bakin titi. Ita ta shirya tafiyar da shi ta waya. Tana ta nanata mini in ya ba ni abinci in ci. Na ce mata ba ita za ta koya mini cin abinci ba, tun ba a haife ta ba nake yi. Amma a raina na riga na ɗaura niyya, zan ci. Loma uku na yi wa kaina alkawari.

Khumra zuwa kasuwar kifi, ƙarfe biyar da minti ashirin

Kaddad na hau, irin motar gida da ake ɗaukar mutane a ɓoye. Direban Bayamane ne, ya ce riyal ashirin, na ce goma, muka tsaya a sha biyu. Leburori biyu 'yan Bangala suna baya tare da ni, ɗaya ya yi barci har kansa ya sauka a kafaɗata, na bar shi, don na ga ƙafarsa duk ta tsage. Hanyar ba abin kallo. Sito bayan sito, manyan motoci a jere, karnuka suna tonon shara. Iska ta jiƙe sharkaf kamar an rufa wa mutum ɗanyen zane, irin ta Jidda da ba ta bari gumi ya bushe. A haka muka iso kasuwar kifi.

Na yi sallar asuba a ƙaramin masallaci na gefen kasuwa, bayan wani labule mai ƙarni. Daga nan na nemi Bukari. Bukari mutumin Maraɗi ne, ya haura hamsin, yana jan motar ƙanƙara yana kai kifi gidajen abinci na arewacin gari, ciki har da wurin da ɗan nan yake aiki. Na daɗe da saninsa, duk wata yana zuwa Khumra ya sayi daddawa a hannuna. Tun ƙarfe uku yake kasuwar, shi ya sa bai biyo ta kaina ba.

Na same shi a tsugune yana ɗaga kunnen wani jan kifi da suke kira najil, yana ɗaukarsa hoto. Ya ce sai shef, wato ɗan nan, ya gani ya yarda kafin a biya, mutumin naki ba ya karɓar kifin da ya kwana. Can sai wayar ta yi ƙara, ya danna, murya ta fito da Larabci tana cewa na hagun ya fi, a bar na daman. Muryar ɗan nan ce, irin ta Malam sak. Na juya na kalli masu gwanjo suna ta hayaniya a kan kwandon jatan lande, kamar abin ya dame ni.

Na sayi shayi da gurasar tamis da wake, riyal shida. Na gutsiri gurasar kaɗan, na ba Bukari sauran. Ya ce da Faransancinsu na Nijar, bon, Hajiya, gara ma ki bar cikin da wuri, yau za ki ci abincin Japan. Na ce masa ya kula da kifinsa.

Ruwais, ƙarfe bakwai da minti goma

Daga kasuwa zuwa Ruwais kilomita shida ne a lissafin motar Bukari. Na roƙe shi ya tsaya mini rabin awa, ya ce ƙanƙararsa minti ashirin za ta iya. A Ruwais na yi shekara talatin da ɗoriya, a nan nake soya ƙosai huɗu riyal ɗaya. Layinmu yanzu fili ne. An rushe, an share, an baje. Na tsaya ina neman inda ɗakina yake, ban gane ba sai da na ga kututturen bishiyar da Malam yake ɗaure igiyar shanya. A nan na haifi ɗan nan, a ƙasa, a kan tabarmar roba. Yanzu wani ya ajiye motarsa a wurin.

Gidan Rukayya yana can gefen da rusau bai kai ba. Rukayya haihuwar Jidda ce, kakanta ne ya zo da ƙafa, sa'ata ce. Da aka yaye ɗan nan ba ni da uwa ko goggo a kusa da zan ba, sai na miƙa mata shi, ya yi shekara biyar a ɗakinta. Na tarar da ita a kan keken guragu, ciwon suga ya ci mata ƙafa ɗaya. Ba ta ko bari na gama gaisuwa ba ta fara.

Ta tuna mini ranar da yana ɗan shekara tara ya dawo daga makaranta da kyautar littafi, ya tsaya a gaban kaskona yana jira in ce wani abu, na aike shi sayen gawayi. Ta ce gidanta ya zo ya yi kukan, da gawayin a hannu. Na ce mata na sani, ai ina jiyo shi ta katanga. Ta ce to me ya hana ni leƙowa. Na ce kunya.

"Ya Ladi, wannan kunyar taki an baro ta a bayan teku, ke kaɗai kika hau jirgi da ita," in ji ta. "Shi bai san ta ba. Abin da ya sani, ummuh, uwar da ta haife shi, ba ta taɓa kiran sunansa ba."

Na ce mata ita ma da ƙafa biyu gare ta da ta fi haka surutu. Ta yi dariya har da tari. Da zan fita ta riƙe mini hannu ta daɗe ba ta saki ba. Ba mu yi sallama ta gaskiya ba, don mun san wace iri ce. Bukari yana ta danna oda.

Hanyar Madina, ƙarfe takwas da kwata

Daga nan muka miƙi hanyar Madina zuwa arewa. Cunkoso, gada a kan gada, rana ta riga ta fara dukan gilashi. Ruwan kifi yana ɗiga daga baya yana bi ta ƙarƙashin kujerata, gefen abayata ya jiƙe. Bukari ya kunna waƙar garinsu, na ce ya kashe.

Gab da mararrabar filin jirgi muka tarar da shingen bincike. Mota bakwai a gabanmu, na ƙirga su. Ni da nake shirin kai kaina da ƙafata, sai ga ni ina addu'a a raina, don in an kama ni a nan ba zan ga Abhur ba, inda ɗan nan yake aiki. Ɗan sandan yaro ne da gashin baki bai gama fito masa ba. Ya karɓi iƙamar Bukari ya duba, ya leƙo ya kalle ni. Bukari ya ce masa da Larabci uwata ce, ba ta da lafiya. Ƙarni ya bugi hancin yaron, ya ja da baya ya ce yalla, yalla.

Muka wuce. Abin da nake tunani, mutumin Maraɗi da ban haifa ba ya kira ni uwarsa a gaban hukuma, bakinsa ko nauyi bai yi ba.

Abhur, ƙarfe tara da minti ashirin

Daga Ruwais zuwa nan kilomita talatin da ɗaya. Unguwar manya ce, katangu dogaye, ba ka ganin mutum sai direba yana wanke mota. Ana cewa teku yana kusa, ni ban gan shi ba, duk an kewaye shi.

Gidan abincin ƙarami ne, tsakanin shagon wanki da kantin magani. Ta ƙofar baya muka shiga tare da kifin. Shi ya buɗe. Yana sanye da farar riga, ya ɗaura baƙin ƙyalle a ka. Furfura ta cika masa gemu. Ban taɓa kawo wa raina ɗan nan zai yi furfura ina raye ba. Ya sunkuya ya sumbaci kaina irin na Larabawa, ni kuwa na tsaya ƙiƙam kamar turmi. Ya tambayi hanya, na ce lafiya. Na tambayi mutanen gidansa, ya ce lafiya. Shi ke nan gaisuwar shekara huɗu. Bukari ya sauke kaya ya ce zai zaga gidajen da suka rage, ya dawo ɗaukata bayan azahar.

Mai wurin Bajapaniya ce, 'yar ƙarama, ta manyanta, tana auren wani ɗan Jidda wanda shi ne kafilin ɗan nan, mai tsaya masa a takarda. Umm Yusuf suke ce mata. Tana ganina ta fara sunkuyo kamar mai neman allura a ƙasa. Na ce waɗannan suna da ladabi. Ta kawo mini ƙyalle mai ɗumi a ɗan faranti, ta nuna in goge hannu, na goge har fuska da wuya. Ta kawo shayi kore, ba sukari, kamar ruwan zogale. Na shanye don kada ta ji kunya.

Wurin da daɗin zama, ba zan yi ƙarya ba. Tebur shida ne kawai, fitilu ja-ja marasa ƙarfi, labule gajere a ƙofa mai tsaga a tsakiya, sanyin na'ura, ƙamshin man shanu da albasa. Sai wani dogon katako da kujeru bakwai a gabansa, bayansa kuma murhu. Wato mai ci yana zaune, mai dafawa yana tsaye a gabansa, ido cikin ido. Da gangan suka gina shi haka. A nan ya zaunar da ni, a kujerar tsakiya.

Sai sha biyu da rabi suke buɗewa, don haka awa uku na yi ina kallonsa yana aiki, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Ya feɗe najil ɗin nan bai bar tsoka ko ɗaya a ƙaya ba. Yana yi yana mini bayani da Hausarsa ta 'yan Jidda, rabi Larabci. Abincin, in ji shi, na Turawa ne da mutanen Japan suka ɗauka suka mayar irin na gidansu, wanda uwa take dafa wa yara in sun dawo makaranta. Su kuma a nan suna yi da kayan ƙasar nan. Tumatir daga Ɗa'ifa, kifi daga tekun nan, naman raƙumi da suke niƙawa su dunƙula kamar ƙosai babba, dabino a cikin miya maimakon sukari. Akwai wata tukunya a gefe da baƙar miya, ya ce kwana biyu take a wuta. Na ce gas ɗin ba nasa ba ne shi ya sa. Ya yi murmushi, rabin baki, irin na ubansa.

Ƙarfe ɗaya saura minti biyar

Na yi azahar a ɗakin ajiya a kan kwali, na dawo kujerata. Mutane sun fara shigowa. Ya ce yanzu nawa zai yi.

Ya soya shinkafa da tumatir da albasa, ya dunƙule ta a faranti kamar malmalar tuwo mai tsawo. Ya fasa ƙwai uku a kasko yana kaɗawa da tsinke biyu, yana buga hannun kaskon, har ƙwan ya naɗe kansa. Ya ɗora a kan shinkafar, ya ja wuƙa a tsakiya, sai ƙwan ya buɗe ya zubo ta gefe biyu ya lulluɓe ta. Ya kwarara baƙar miyar nan a kai, ya sa soyayyen kifi a gefe. Ya ajiye a gabana da hannu biyu, ya ba ni cokali.

"Ummi, ki ci. Ni na yi. Bas loma ɗaya kawai."

Na ɗauki cokalin. Allah shi ne shaidata na ɗauka, har na yanki gefen ƙwan. Don dai kada in haɗa ido da shi sai na ɗaga kai na kalli bango. Akwai baƙin allo a can da aka rubuta abincin ranar da alli, Larabci a dama, boko a hagu. Tun da na koyi karatu ba na iya ganin baƙi in ƙyale, ko a buhun shinkafa ne sai na haɗa. Na haɗa na saman. Harafi huɗu ne. Ladi. A gefensa kuɗinsa, riyal arba'in da takwas.

Na ce a raina ƙila wata kalma ce ta Japan. Sai wani saurayi da matarsa a tebur na bayana ya ce wa mai kai abinci a kawo Ladi biyu, ɗaya ban da albasa. Mai kai abincin kuma ta ɗaga murya ta faɗa wa murhu. Su a aikinsu duk abin da aka kira sai mai dafawa ya maimaita da ƙarfi, don a san ya ji. Ɗan nan ya buɗe baki a gabana, a gaban mutane, ya ce Ladi biyu.

Shekararsa arba'in da takwas, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Malam ma har ya koma ga Allah bai kira shi ba. Na ajiye cokalin na tambaye shi mene ne wancan a allo. Fuskarsa ta washe, ya zaci murna zan yi. Ya ce sunana ne ya sa wa abincin, shekara uku ke nan, kuma duk gidan ba abin da ya fi shi fita.

Na ce, "Uwarka ce ake cewa a kawo biyu, ɗaya ban da albasa?"

Ban yi ihu ba, amma mutanen kujerun gefe sun juyo. Umm Yusuf ba ta jin Hausa, sai ta hau sunkuyo tana tambaya ko yaji ne ya yi yawa. Shi kuwa ya tsaya da kasko a hannu, ƙwan mutane yana ƙonewa. Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya ce a hankali:

"Naki na kira, laifi. Nawa ba ki kira, ba laifi."

Ina da amsa, ta zo har bakina. In ce masa wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Amma wannan ba maganar da ake gaya wa ɗan fari ba ce, kuma a gaban baƙi. Ya jawo farantin, ya juye a kwalin da suke ba masu tafiya da abinci, ya ɗaure a leda ya ajiye a gabana, ya juya ya wanke kaskonsa. Da ban shiga ajin malamar nan ba da na ci lomata uku na tashi lafiya.

Na warware zaren agogon na ajiye a kan katakon, tare da kwalbar yajin da na daka masa. Na ce na ubanka ne. Na ce saura kwana goma sha biyu. Ya ce Hafsa ta gaya masa, bai juyo ba. A bakin labulen na tsaya na ce Allah ya yi maka albarka. Mai yana ƙara a kasko, na'urar sanyi tana gurnani. Ban sani ba ko ya ji.

Komowa

Daga nan ba ni da agogo, kada ku tambaye ni lokaci. Na zauna a inuwar shagon wanki har Bukari ya zo. Ya kalli ledar, ya kalle ni, ya buɗe mini ƙofa. An ɗauke shingen da muka wuce da safe. Na so a ce yana nan.

Wajen la'asar ya tsaya a masallacin wani gidan mai, ya shiga. Ni kaɗai a mota, ga ƙarni, ga zafi. Na buɗe kwalin. Ƙwan ya yi sanyi ya kwanta, miyar ta daskare a gefe, kifin ya yi laushi. Na sa hannu na kai loma.

Daddawata ce a cikin miyar. Ba ta wani ba, tawa. Ni kaɗai nake gasa ta a bakin garwashi in daka da kimba, yadda uwata take yi, ko a cikin duhu zan gane hannuna. Ya haɗa ta da dabino da romon ƙashi har ta zama wani abu da ban san za ta iya zama ba. Na cinye tas, na suɗe kwalin da yatsa.

Da Bukari ya dawo na tambaye shi gwauro kamarsa me yake yi da ƙulli goma na daddawa duk wata. Ya sosa ƙeya. Ya ce shef ne yake aikensa tun shekara uku, ya kuma sa shi rantsuwa kada ya faɗa. Ya ce an gwada ta wasu, ya ɗanɗana ya zubar. Umm Yusuf ma in ta shinshina sai ta ce tana tuna mata da wani waken garinsu.

Na ce in ya koma gobe ya gaya wa mai girkin gishiri ya yi daidai. Ya ce shi kifi yake kaiwa, ba saƙo ba. Ya danna waya ya manna mini a kunne. Na ji ƙarar kwanuka, sannan muryarsa.

"An ci," na ce. "Gishiri ya yi daidai."

"Na'am, Ummi."

Bai kashe wayar ba, yana jira. Na san abin da yake jira. Ina jin numfashinsa. A bayansa aka kira abincin nan, bai maimaita ba. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na miƙa wa Bukari wayarsa na ce kuɗinsa yana ƙonewa.

Gida

Ana kiran magariba ya sauke ni a bakin layinmu a Khumra. Kilomita ɗari da ashirin da wani abu, zuwa da dawowa, in ji shi. Hafsa ta tare ni tana tambaya na ci. Na ce na ci. Ban gaya mata a ina ba.

Yau kwana biyar ke nan. Shekaranjiya Bukari ya biyo, ya ce an goge sunan daga allo, yanzu shinkafa da ƙwai aka rubuta. Abin da na nema ke nan, kuma da ya faɗa sai na ji kamar an sake rushe Ruwais. Ya ce agogon yana hannun ɗan nan, ya yi masa daidai ba sai da zare ba. Ko zai zo kafin in tafi, bai ce ba, ni ma ban aika a tambaya ba. Duk daddawar da ta rage mini na gasa na daka, kafaɗata har ba ta ɗaguwa. Za ta kai shi wata huɗu in ya yi tattali. Bayan nan ban san abin da zai sa a tukunyar ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni ba a kama ni a hanya ba. Na gode wa Bukari da motarsa mai wari, da Rukayya da bakinta, da baiwar Allahn nan da ta ba ni ƙyalle mai ɗumi. Ku kuma ku share mini ɗakin Inna, saura kwana bakwai in miƙa kaina, sauran kuma sai yadda jirgi ya samu.

Ranar da malama ta ce kowace ta zaɓi kalmar da za a fara koya mata, mata suna ta zaɓen sunansu, ni na raɗa wa ta kusa da ni ta faɗa mata wani suna daban. Na iya shi tun kafin in iya nawa. Balki, zan sa shi a ƙasa. Ki karanta da ƙarfi kowa ya ji, tun da ni ba na wurin.

Haruna.